Kyanwar Malam da Injin Shara

Shin kyanwa tana gane cewa mutum ya mutu, ko kuwa a wurinta tafiya ya yi, zai dawo? Na tambayi malamar da ke yi mana wa'azi a unguwa, ta ce Allah ne masani. Na tambayi ɗana, shi da ya yi boko mai zurfi, ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, ki bar wannan tunani." Ban bari ba. Da shi nake tashi, da shi nake wuni.

Ban iya rubutu ba. Surukata ce riƙe da biro, ni ina faɗa. Na ce ta rubuta komai yadda ya fito daga bakina, har wurin da maganar ta shafe ta, in kuma kuka ya zo mini ta jira ni.

A Gwandu aka kai ni gidan Malam, a Gwandu muka tsufa. Mutanensa makiyaya ne da suka zauna wuri ɗaya tun kakanni, suna noman gero suna riƙe da 'yan shanu. Ya bi shanu har gwiwoyinsa suka ƙi, sannan ya miƙa su ga 'ya'yan ƙanensa, ya dawo zaure yana tufkar igiya. Mutumin da tun yana yaro bai taɓa zama babu dabba a gefensa ba, zaman zaure ya yi masa nauyi. Ba ya faɗa, amma ina gani. Da yamma in garke zai wuce, sai ya saki igiya ya bi su da ido har ƙurarsu ta kwanta.

Wata ranar kasuwa ya shigo gida, hannunsa ɗaya cikin aljihun riga. Ya tsaya a kaina ina tsintar shinkafa, ya zaro wata 'yar kyanwa toka-toka mai farin ƙirji, ya ajiye ta a bakin faifai.

"Mi ne wannan kuma, Malam?"

"Mai gadin rumbu na ɗauko miki."

"Wagga? Ai ɓera ya fi ta ƙiba."

"Ki yi haƙuri da ita. Ke ma ba da wannan jikin kika zo gidan ba."

Ban taɓa ganin ta kama ɓera ba. Ƙadangare dai takan bi, shi ma sai ta ga dama. Aikinta ɗaya ne, Malam. In yana tufka tana kan cinyarsa, in ya tafi masallaci tana bakin zaure, in ya shimfiɗa buzunsa zai yi nafila sai ya tarar ta riga shi hawa, ya tsaya yana lallashinta, "Mussa, ɗan matsa, ba ke kaɗai ke da Ubangiji ba." Mutumin da bai iya doguwar hira da mutane ba, sai in ji shi daga tsakar gida yana ba ta labarin wata saniya da ta ɓace masa a fadama tun yana saurayi.

Ni kuwa gashi ne rabona. Da bazara ta kama sai ta fara zubar da shi, a tabarma, a buzu, a bakin randa, har cikin kwanon miya na taɓa tsintar sa. Babbar rigarsa ta Juma'a baƙa ce mai sheƙi, ita ta fi shan wahala. Tsintsiya ba ta ɗaukar gashin kyanwa, tayar da shi kawai take yi ya koma wani wuri. Dabarar da na gano ita ce in jiƙa tafin hannuna in yi ta shafa rigar daga kafaɗa zuwa ƙasa, gashin ya naɗe kamar abawa in tsince. Kowace Juma'a haka nake yi, yana tsaye ya buɗe hannuwa, ina shafa ina mita.

"Wallahi wata rana sai na sa ta a buhu na kai ta bayan gari."

"To. Ki haɗa da ni, buhun ya yi nauyi kada iska ta ɗauke."

Shekaru da yawa muka yi a haka. Yanzu in na tuna, babu lokacin da hannuna ke daɗewa a jikin Malam da rana tsaka kamar wannan shafar riga. A lokacin aiki nake ganinsa.

Da Allah ya karɓi abinsa, gida ya cika da mutane. Kyanwar ta ɓuya a bayan rumbu har aka watse. Sannan ta fito, ta shiga zaure, ta shinshina inda yake zama, ta shiga ɗakinsa, ta fito, ta je bakin ƙofa ta zauna. Duk lokacin da aka sallame salla a masallaci, maza suna dawowa, sai ta miƙe ta ɗaga wutsiya. Su wuce. Ta koma ta zauna. Ina takaba ina kallonta, ita tana kallon hanya. Masu zuwa gaisuwa suna cewa in yi haƙuri, ina amsawa, amma a gidan nan kaf wadda na ga tana yin irin abin da zuciyata ke yi ita ce wannan dabba. Wata rana na shimfiɗa buzunsa zan yi salla, ta zo ta hau. Na buɗe baki zan kore ta, sai na ji na ce, "Ɗan matsa." Tun daga ranar muka shirya.

Bayan na fita takaba ɗana ya zo. Shi ne na fari, shi ya sa bakina ba ya kama sunansa. Yana aiki a Kalgo, a can yake da iyalinsa. Ya ce ba zai bar ni ni kaɗai ba, in haɗa kaya. Na haɗa, ba su da yawa. Na ce da kyanwa zan tafi. Ya ce to.

Facalata, matar ƙanen Malam, ita ta taya ni ɗaure kaya. Ta kawo buhu.

"Yaya, sa ta ciki ki ɗaure baki. Mussa in ta ga hanya komawa take yi, ko ina aka kai ta."

Na karɓi buhun na riƙe. Na tuna yadda nake yi wa Malam barazana da shi, na kasa. A kwando na sa ta, na rufa mata tsohon rawaninsa, na ɗora a cinyata cikin mota. Tana ta kuka, sai na ɗage gefen rawanin don ta sha iska. Ta leƙo da kai, ta kalli gonaki da garuruwa suna wucewa har muka isa.

Gidan ɗana ba irin namu ba ne. Babu ƙasa a tsakar gida, siminti ne. Falo kuwa an shimfiɗe shi da kafet mai duhu, mai laushi, ƙafa tana nutsewa a ciki. Kyanwar ta yi kwanaki a ƙarƙashin gadona, daga baya ta fito ta gano kafet, ta ga abin da ta daɗe tana nema a duniya. Ta yi birgima a tsakiya, ta yi a gefe, ta hau kujeru. Da zafi ya shigo, falon ya zama kamar an watsa masa toka.

Surukata ta ɗauki sharar a kanta. Yarinya ce mai kunya, tana ba ni girma. Kullum da safe ina jin ta da tsintsiya, tana yi tana tari. Na ɗauka mura ce. Sai wata rana na shiga kicin ɗibar ruwa na tarar da ita ta dafa bango, ƙirjinta yana ƙara kamar ana busa kara, tana matsa wani ɗan abu a bakinta tana shaƙa. Ta gan ni ta ɓoye shi a bayanta.

"Ɗiyata, mi ke damunki?"

"Ba komai, Inna. Hayaƙi ne."

Babu ko wuta a kan murhu. Asma gare ta tun tana ƙarama, ta daɗe ba ta tashi ba, gashin nan ne ya tayar da ita. Ta hana mijinta faɗa mini.

Daga ranar na karɓe sharar falo. Na koma dabarata ta da. In ɗebo ruwa a kwano, in durƙusa, in jiƙa hannu in yi ta shafa kafet. Amma kafet ba riga ba ne. Kafin in kai tsakiya bayana ya riƙe, sai an kama ni nake tashi. Ɗana ya dawo daga aiki ya same ni a haka, a durƙushe, hannu duk gashi. Ya wuce ya ci abinci. Ya zo ɗakina ya zauna a ƙasa.

"Inna, likita ya ce ko dai gashin ya bar gidan, ko kyanwar ta bar gidan. Na yi magana da su Baffa a Gwandu, sun ce za su riƙe ta."

Na ce, "To." Me zan ce? Lafiyar ɗiyar mutane ce. Amma hawaye ya ci amanata. Na juya fuska bango. Gidan Gwandu na baro shi, shanu sun koma hannun wasu, tufafinsa an rabar. Abin da ya rage mai rai, wanda ya san ƙamshin Malam, ya san muryarsa, kyanwar nan ce kaɗai.

Surukata ce ta yi magana daga bakin ƙofa. Ashe tana tsaye.

"Ai likitan abu biyu ya faɗa. Ka ɗauki na biyun ka bar na farkon. Akwai injin shara mai zuƙe gashi, na gani a gidan wata abokiyar aikina. A gwada shi tukuna."

"In bai yi ba fa?"

"In bai yi ba sai a sake magana. Inna, ki share hawayenki."

Rubuta wannan, ɗiyata, kada ki tsallake. Ke kika faɗa.

Ranar Asabar muka shiga Birnin Kebbi mu uku. Sun ce in zo, tunda na rantse ni zan riƙa tura shi, gara in zaɓa da hannuna. Shagon cike yake da fankoki da firji da abubuwan da ban san amfaninsu ba. Zafi kamar a gasa mutum, an ɗauke wuta, mai shagon yana fifita da kwali. Mutum ne mai fara'a, mai tumbi, bakinsa ba ya hutawa.

"Injin shara? Akwai, Alhaji. Na ofis ko na gida?"

"Na gida. Wanda ke kama gashin dabba."

"Karnuka kuke kiwo?"

Ɗana ya ɗan sosa ƙeya. "Kyanwa ce."

"Guda nawa ne?"

"Ɗaya."

Ya kalle mu ɗaya bayan ɗaya, ya fashe da dariya. "Kai, wannan kyanwa ta yi goshi! Ni matata ma tsintsiya na saya mata, ita ma sai da aka yi rigima. Hajiya, taki ce?"

"Ta maigidana ce," na ce. "Ya rasu."

Dariyar ta tsaya. Ya ce Allah ya jiƙansa, ya jawo mini kujera, ya shiga ciki da kansa ya fito da su iri uku.

Na farko kamar tulu yake mai ƙafafun taya, da doguwar mesa, ana jan sa a baya. Na gwada. Sai na sunkuya, kuma tulun yana bin diddigena yana bugun ƙafata. Na ce a'a, na gaji da abin da ke bina a baya. Na biyu ɗan siriri ne marar waya, caji ake yi masa. Surukata ta so shi saboda ba shi da nauyi. Mai shagon ya girgiza kai.

"Gaskiya zan faɗa muku. Wannan na siminti ne da tayil. A kafet mai kauri, kafin ku gama rabin falo ya mutu. Ga wutar nan tamu, yaushe za ta zauna ya cika?"

Na ukun yana tsaye da kansa kamar mutum, ya kawo mini ƙirji. Yana da mariƙi a sama, faffaɗan kai a ƙasa. Mai shagon ya kwantar da shi ya nuna mana cikinsa. Akwai buroshi mai juyawa, ya ce shi ke tono gashi daga cikin kafet, in ya naɗe ana cire shi a yanke gashin da almakashi. Akwai mazubi mai haske kamar kwalba, kana ganin abin da ya tara, ka cire ka zubar, ba sai an yi ta neman jaka ba. Ya zaro wani farin abu mai ninki-ninki ya miƙa wa surukata.

"Wannan ce rariyarsa. Ita ke riƙe ƙurar da ido ba ya gani. Mai ciwon ƙirji, wannan zai duba kafin komai. In babu ita, injin zai zuƙa ta gaba ya feso miki ta baya."

Surukata ta yi ta juya ta tana tambaya, ana wankewa ko sai an sake, a ina ake samun wata. Ɗana yana auna tsawon waya da hannu, yana tambayar ko ƙaramin janareta zai ja shi. Ni kuwa na kama mariƙin na tura. Ya tafi sumul. Bayana a miƙe, kamar ina riƙe da sanda.

Irin masu tsayuwar biyu ne, babba da ƙarami. Na tambayi wanne ya fi ƙarfi.

"Babban, Hajiya. Wannan ko allura ta faɗi sai ya nemo ta."

"Shi nake so."

"Inna, ya fi nauyi fa," in ji ɗana.

"Na ɗauki tulu daga rijiya ina goye da kai. Shi nake so."

A raina ina cewa kada ko sili ɗaya ya rage a falon nan da zai sa a sake maganar Gwandu. Ɗana ya ce a kunna mu gani. Mai shagon ya ɗaga hannu sama, ya ce wuta tun jiya babu, janaretansa kuma yana wurin gyara, amma sabo ne fil, in ya ƙi tashi mu dawo da shi. Mun tambayi ƙarfinsa, mun tambayi nauyinsa da rariyarsa da wayarsa. Cikinmu babu wanda ya tambayi yadda kukansa yake. Ni ban ma san yana da kuka ba. A zatona abin shara shiru yake yi kamar tsintsiya.

Muka dawo Kalgo da azahar, nan ma babu wuta. Ɗana ya fitar da shi daga kwali, ya haɗa, ya sa waya a bango, ya danna makunni. Shiru. Ya ce bari ya tayar da janareta, sai ya tarar babu mai. Surukata ta danna don ta koyi wurin. Ni ma aka kama yatsana aka nuna mini, na danna, na sake dannawa. Muna ta dariya. Makunnin irin wanda in ka danna ya shiga, in ka sake ya fito ne, ido ba ya bambance ko a kunne yake ko a kashe. Muka watse muka bar shi tsaye a tsakiyar falo, wayarsa a bango. Har yau ba mu san yatsan da ya taɓa shi a ƙarshe ba, kuma na hana a bincika.

Kyanwar ta fito ta zagaya shi, ta shinshina, ta goga masa kumatu. Sannan ta ga kwalin da aka yar a gefensa, ta shiga ta naɗe. Na leƙa na gan ta, na ce, "To, kin ga abin da aka saya saboda ke. Ko ni ba a taɓa yi wa haka ba." Ta lumshe ido.

La'asar ta yi. Ɗana ya tafi masallaci, surukata tana kicin, ni ina bayan gida ina alwala. Aka kawo wuta.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan a cikin ɗaki ba. Kamar injin niƙa ne aka tayar a kan gado. Butar ta suɓuce daga hannuna. Na ji surukata tana salati, na ji wani abu ya faɗi ya fashe. Kafin in ɗaura zane in fito ta riga ta fizge wayar. Kwalin yana kife. Labulen taga ya tsinke gefe ɗaya. Surukata ta ce ta ga wucewar kyanwar kamar an harba kibiya, ta taga, ta kan tankin ruwa, ta haye katanga.

Na ce za ta dawo in ta huce. Na shimfiɗa buzun a bakin ƙofa. Aka yi magariba ba ta dawo ba. Gari ya waye ba ta dawo ba.

Mun neme ta. Ɗana ya bi gidajen maƙwabta yana sallama, babban mutum da shi, yana tambayar kyanwa, wasu suna danne dariya. Ni na bi bayan gidaje da kangaye ina kira, "Mus, mus," kamar yadda Malam ke yi, amma muryata ba tasa ba ce. Na je wurin masu bandar kifi a bakin gulbi, na ce ko ƙamshi ya ja ta. Kyanwoyi sun fi a ƙirga a wurin, babu mai farin ƙirji irin nata. Na roƙi matan Wurogauri masu kawo nono su duba mini a hanya. Wani mai kawo itace daga Diggi ya ce ya ga wata toka-toka a gindin tsamiya, ɗana ya ɗauke ni a mota muka je. Namiji ne, kuma yana da masu shi.

Sai maganar facalata ta dawo mini. Ta ga hanya. Ni da hannuna na ɗage mata rawani. Zuciyata ta kama wannan ta riƙe gam. Na ce ai gida ta tafi, tana can bakin zaure. Ɗana ya ce, "Inna, da nisa fa, ga tsufa ya kama ta." Na ce ya kai ni. Ya buga waya aka ce ba a gan ta ba. Na ce su ba su san inda take ɓuya ba, ya kai ni.

Wannan ce komawata Gwandu ta farko tun da na bar ta. Zauren yana nan, an jingina buhunan albasa inda Malam ke zama. Turken da yake ɗaura igiya in zai yi tufka yana nan a ƙasa, ya yi santsi. Na duba bayan rumbu, na duba ɗakinsa, na duba kan danga. Facalata tana bina a baya.

"Yaya, da ta zo da na gani. Kullum ina nan."

"Wataƙila tana hanya."

"Awo, wataƙila," ta ce, don ta faranta mini.

Na kwana biyu ina zaune a bakin zaure. In an sallame salla maza suna wucewa su gaishe ni, "Inna, an zo lahiya?" Ina amsawa idona yana kan hanya. Da zan tafi facalata ta fito da wata 'yar kyanwa a hannu, toka-toka, har da ɗan fari a wuya.

"Jikanyarta ce, daga wadda kuka ba mu. Tahi da ita. Duk mussa ai mussa ce."

Na karɓe ta na riƙe. Tana da ɗumi, tana da laushi, ta lashi yatsana. Na mayar mata. Wannan ba ta taɓa jin muryarsa ba. Ba ta san wanda ake jira ba.

Da na dawo Kalgo na tarar an mayar da injin cikin kwalinsa an tura bayan ƙofa. Surukata ta ce za su mayar wa mai shago, ba ta son ganinsa. Falon kuwa yana nan da gashinsa, ta hana kowa sharewa, tana ta shaƙar abinta a ɓoye. Na ce a fito da shi. Injin bai yi laifi ba, abin da aka ƙera shi ya yi shi ya yi. Na sa ta fita tsakar gida, na danna da kaina, na daure wa kukansa, na tura.

Gaskiya mai shagon bai yi ƙarya ba. Duk inda ya bi sai kafet ya fito da launinsa na asali. Ina kallon mazubin yana cika, gashi yana juyawa a ciki, toka-toka da ɗan fari-fari. Da na gama na kashe, ɗana ya cire zai kai bola. Na ce ya ba ni. Na juye a faifai, na tsince tsakuwa da zare, na bushe ƙurar. Abin da ya rage ya cika tafin hannuna biyu. Na ƙulle shi a gefen rawanin Malam, yana cikin akwatina. 

Washegari na sake turawa, ya tara kaɗan. Bayan 'yan kwanaki sai ƙura kawai. Ƙirjin surukata ya lafa, yanzu tana hawa da sauka ba ta tari, na gode wa Allah a kan wannan, da zuciya ɗaya nake faɗa. Ni nake sharar falo har yau, a tsaye, bayana ba ya ciwo. Baƙi in sun zo suna yaba tsabtar gidan. Wata ta tambaye ni wane iri za ta saya, ita ma tana da kyanwoyi. Na ce ta sayi mai tsayuwa, mai rariya, amma kada ta karɓa sai an kunna mata ta ji da kunnenta, in ta kai gida kuma ta rufe dabbobinta a wani ɗaki kafin ta sa waya a bango. Ta ce ashe na zama gwana. Na yi mata murmushi.

Damina ta zo ta wuce. Ban sani ba ko tana raye a wani gida ana ba ta abinci, ko ta kama hanyar Gwandu ƙarfinta ya ƙare a wata gona. Mutane suna cewa dabba ce, in sa wa raina salama. Na sani dabba ce. Amma akwai abin da ban taɓa faɗa wa ɗana ba, ke ma yau za ki fara ji, ɗiyata.

Ranar da Malam zai rasu, da hantsi, ya ɗan sami sauƙi har na yi zaton ya juyo. Bayan wannan hantsin bai ƙara yi mini magana ba, abin da leɓunansa suka motsa da shi daga baya tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Na dama masa fura da nono mai kyau, na tallafo kansa na kafa masa ludayi. Ya sha kaɗan ya kau da baki. Na ce ya daure ya ƙara, jiya ma bai ci komai ba. Kyanwar tana zaune a wajen ƙafafunsa ta zuba wa ƙwaryar ido. Ya dube ta, ya dube ni, ya ɗora hannunsa a kan nawa ya tura ƙwaryar a hankali.

"Ya ishe ni haka. Ki ba ta sauran, tun ɗazu take jira."